Ɗiyar Malama

Tasalla matar yayana Usaini ce, kuma duk Wagini babu gidan da bai ci daddawarta ba. Gajeruwa ce, baƙa, mai saurin tafiya, kullum hannunta da warin kalwa. A Tsaskiya aka haife ta, uwarta Bafillatana, ubanta manomi. Na faɗi haka ne don a san inda ta kwaso kunya. Ta haɗa ta Filani da ta ƙauye ta ɗora wa kanta, mu ma da ba mu ci ba ba mu sha ba ta ɗora mana.

Ni sunana Zuwairatu. Na koyar a firamare a Batsari har na yi ritaya. Da yake ni ƙanwar mijinta ce, tsakaninmu wasa ne tun ranar da aka kawo ta. Tana ce mini Malama, ba don girmamawa ba, don dai ta ce na iya riƙe alli amma tuwona da gudaji. Ni kuma ina ce mata matarmu, ina tuna mata cewa mu muka yi mata rufin asiri muka aure ta. Da bakinta ba ta da ragi. Ta iya ciniki, ta iya faɗa, ta iya yi wa mutum tatas yana dariya. Mutum ɗaya ne kawai a duniya bakin nan ke mutuwa a gabansa, wato ɗiyarta ta fari, Ma'u.

Kowa a wajenmu ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta jan sa a jiki a gaban mutane, in za ta yi masa magana sai ta bi ta bakin wani. Amma yawancin mata in shekaru suka tura sai su sassauta. Tasalla ba ta sassauta ko kaɗan ba. Da aka yaye Ma'u aka kawo mini riƙo, domin ni Allah bai ba ni haihuwa ba, kuma tun daga ranar sunan yarinyar a bakin uwarta ya zama ɗiyar Malama. 'Yan'uwanta maza da suka biyo baya suna shan kira da zagi da rungume duk a wuni ɗaya. Ita kuwa in na kai ta Wagini hutu, sai Tasalla ta dubi bango ta ce, "A ce ma baƙuwa ga hura nan." Furar kuwa ta fi ta kowa nono, an sa mata zuma a ƙasa.

Ma'u ta taso da kai mai kyau da tambayar tsiya. Ta gama sakandare, ta tafi jami'a ta karanta fiziks, daga nan aka ba ta tallafin karatu zuwa Afirka ta Kudu. Ranar da za ta tafi, Tasalla ta zo gidana da ƙullin daddawa da man shanu da kuka, ta ajiye a bakin ƙofar ɗakina ta ce wai ni ta kawo wa. Ni da ba na cin man shanu. Yarinya ta durƙusa ta ce, "Inna, zan tafi." Uwar ta dubi akuyata da ke ɗaure ta ce, "Allah shi kiyaye hanya, Allah shi tsare." Na ce, "Amin, amma akuyar ba ta zuwa ko'ina." Babu wanda ya yi dariya a cikinsu.

Bayan tafiyarta sai muka samu tsari. Duk ranar kasuwar Batsari, in Tasalla ta sayar da daddawarta, sai ta biyo gidana wai ta sha ruwa. Ni kuma sai in kira Ma'u in buɗe muryar wayar. Tasalla ta juya mana baya, ta jawo faifan wakena tana tsincewa, waken da na riga na tsince. In tana da tambaya ta ce, "Malama, tambaye ta." Ma'u, wadda ta ji da kunnenta, ita ma ta ce, "Gwaggo, ki ce mata." Ni ce a tsakiya kamar tafinta a kotu, alhali harshe ɗaya suke yi. Wani lokaci in yi tsaki in ce su kashe kansu, in ajiye wayar a kan turmi in shiga ɗaki. Sai tsakar gida ta yi tsit har sai na fito.

A wannan hirar ta ranar kasuwa muka san aikin Ma'u. Ga yadda na fahimta, in na yi kuskure a ɗora wa tsufa. Can cikin sararin samaniya, nesa da ba ta ƙirguwa, akwai wurare masu mugun ƙarfi. Akwai tauraron da ya fashe, akwai matattun taurari biyu da suka yi karo, akwai kuma abin da suke kira baƙin rami, wanda ke haɗiye duk abin da ya matso shi har da haske, kayan da ke kewaya shi kuma suna feso wuta kafin su faɗa. Shi ramin ido ba ya ganinsa. Abin da ya fito daga wajensa kawai ake samu, kuma 'yan aiken iri-iri ne. Akwai haske, har da irin wanda idon mutum ba ya kamawa. Akwai wata girgiza da ke ratsa sarari. Akwai kuma wata 'yar ƙwaya da suke ce wa nutirino, wadda ke ratsa dutse da ƙasa da jikin mutum ta wuce ba ta ce wa kowa sannu ba.

A can ƙarshen duniya ta kudu, inda babu komai sai ƙanƙara, an binne na'urori suna jiran ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan ta yi tuntuɓe. In ta yi, nan take sanarwa ta watsu ga masu bincike a duniya cewa daga sashe kaza ta fito. Su Ma'u suna da manyan madubai na hangen nesa a wani dajin Namibiya, inda take zuwa ta yi makonni. Da sanarwa ta iso sai su juya madubai can da gaggawa, ko za su kama hasken da ya taho tare da ita kafin ya dushe. Ta ce ɗan aike ɗaya ba ya isa. Ita ƙwayar, unguwa kawai take nunawa, sai haske ya zo sannan a san gida.

Ni na ɗauka abin zai wuce ta saman kan Tasalla. Ashe ta fi ni saurare. Hannunta ya tsaya a cikin wake ta ce, "Malama, tambaye ta, shi wanda ya aiko, ya san da su?"

Ma'u ta yi dariya. "Gwaggo, ki ce mata bai sani ba. Saƙon ya taso tun da daɗewar da ba ta lissaftuwa. Kafin ya iso mana, wataƙila wurin ma ya canza kama."

"To in sunka amsa, wa zai ji?"

"Ki ce mata ba ma amsawa. Saurare kawai muke yi."

Tasalla ta gyaɗa kai. Can ta ce, "Allah Sarki. Ashe aikin haƙuri ta samu." Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Sai shekarun wahala suka shigo mana da ƙarfinsu. Ba sai na ba mutumin Batsari ko Safana labarinsu ba. Da farko shanu ake kora, daga baya aka koma mutane. Gona ta zama wurin da ake zuwa da addu'a a dawo da hamdala. A daminar da cutar korona ta rufe hanyoyin jiragen sama, aka harbe Usaini a gonarsa yana noman farko. Ma'u ba ta da yadda za ta zo. Ta kira ni a ranar uku tana kuka kamar ranta zai fita, ta ce, "Gwaggo, don Allah ki ba ni Inna. Yau kaɗai. Ki ba ta wayar."

Na shiga ɗakin da Tasalla ke zaman takaba, na kama hannunta na sa mata wayar a ciki, na kai mata kunne. Ina jin muryar yarinyar tana cewa, "Inna? Inna, ya haƙuri?" Leɓen Tasalla yana motsi. Na rantse na ga yana motsi. Sai ta sauke wayar ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce, "Ce mata ta yi haƙuri. Ce mata Allah shi jiƙan shi."

Ranar na ji haushinta har cikin ƙashina. Na bari aka yi arba'in sannan na tare ta. Na ce, "Matarmu, wannan ba kunya ba ce, mugunta ce. Yarinya ta rasa uba, tana ƙasar da babu nata ko ɗaya, kalma guda ta gagare ki?"

Ta ce, "Ni haka na taras. Innata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba."

"Shi kuma ya ji daɗi?"

"Ai ya sani."

"Ya sani, ko dai ya haƙura?"

Ta tashi ta ɗauki buta, alhali lokacin salla bai yi ba.

Ita kuwa Ma'u daga ranar ba ta sake cewa a ba ta uwarta ba. Tana kira, tana gaisuwa, tana tambayar lafiya, amma wani abu ya kwanta a muryarta. Sau ɗaya ta ce mini, "Gwaggo, ina nan ina sauraron abin da ke bayan taurari, amma uwata ba ta taɓa ce mini sannu da bakinta ba. Anya tana so na kuwa?" Na balbale ta da faɗa. Na lissafa mata zuma da man shanu da waken da ake tsincewa sau biyu. Ta ce, "Na sani, Gwaggo. Duk ke kike gaya mini."

Da zaman ƙauye ya gagara, samarin gidan suka watsu neman abinci a Kano da Legas, ni kuma na je na ɗauko Tasalla da tukwanenta na dawo da ita wajena. Tukwanen zama kawai suka yi. Ɗorawa a daji take, daji kuwa ya zama na masu bindiga, babu mai zuwa roron kalwa. Matar da ba ta taɓa wuni a zaune ba sai ga ta tana bin inuwa daga wannan bango zuwa wancan. Abin da ya rage mata guda ne, kiran ɗiyar Malama. Yanzu da take gidan, ba ta bukatar ranar kasuwa. Da wayar ta yi ƙara za ka ga ta jawo wani aiki ta zauna kusa, ta juya baya.

Sai gwamnati ta yanke sabis ɗin waya a ƙananan hukumominmu, wai don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. Aka rufe kasuwannin mako a lokaci guda. Aka ce na ɗan lokaci ne. Damina ta ƙare, aka yi girbin abin da aka samu, wayoyi suna nan a mace. Ba zan yi gardamar ko dabarar ta yi amfani ba, masu ita sun fi ni sani. Abin da na gani a gidana shi zan faɗa. Tasalla ta fara ramewa ta sama tana kumbura ta ƙasa. Ƙafafunta suka cika, in ta je bayan gida ta dawo sai ta zauna tana haki. Kuma ta ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Kullum da hantsi sai ta ɗauki wayata ta goge ta da gefen zane, ta ɗora a kan katanga, domin ta ji an ce a wuri mai tudu wani lokaci tana kamawa. Da yamma ta sauko da ita ta ce, "Malama, abin nan naki yau ma bai yi kuka ba."

Na ce, "Kewar wa kike yi?"

Ta ce, "Ni? Ke nake tausayi. Ɗiyarki ce."

Wata rana muna zaune tana tsefe mini kai, sai ta ce, "Wagga 'yar ƙwaya da ke ratsa dutsi, ita ma sun rufe mata hanya?"

Na yi dariya har da hawaye. Na ce, "Gwamnati ba ta kai nan ba tukuna."

Ta ce, "To ɗiyarki na can tana samun saƙonta ke nan. Mu ne dai ba a ji." Ta ci gaba da tsifa. Na ji kewarta ta shige ni, na kuma ji tsoro, domin a ranar na gane matar nan za ta iya mutuwa da maganarta a ciki.

A watannin nan duk mai son waya sai ya hau mota ya nufi Katsina. A kan hanya akwai wata tsamiya, daga ita sabis yake farawa in za ka, a ita yake ƙarewa in za ka dawo. Direbobi suka mayar da ita tasha. In mota ta iso za ka ji wayoyin fasinja sun ɗauki kuka gaba ɗaya, kowa na lalube a aljihu. Har mai shayi da mai cajin waya sun kafa rumfa a gindinta. Ni nakan je jefi-jefi, in kira Ma'u, in dawo da labari a baki. Tasalla ba za ta tambaya ba. Sai dai ta ce, "Hanya lafiya?" in ce lafiya. "Mutanen birni lafiya?" in ce lafiya. Sai ta yi shiru tana jira, ni kuma don mugunta in ja rai in sha ruwa tukuna. Daga baya in zauna in zazzage mata komai, har kalar gyalen da na gani a hoto.

Da hakin ya yi yawa na ce sai asibiti. Ta yi gardama, na ce ko ta hau mota da ƙafarta ko in sa a ɗauke ta kamar buhu. Muka bi motar Ɗanjummai, wani direba maƙwabcina mai haƙuri da tsofaffi. Likita ya duba ta ya ce zuciyar ce ta gaji ta buɗe, ya rubuta magani, ya ce a rage gishiri, a rage tunani. Tasalla ta ce masa gishirin dai za ta gwada.

Tun da muka shiga Katsina nake kiran Ma'u. Wayar tana shiga, ba a ɗauka. Na kira muna layi, na kira muna wajen karɓar magani, na kira a tasha. Na san dalili. Tana dajin Namibiya a lokacin, masu aikin nan kuwa da dare suke yi, su yi barci da rana. Tasalla kuwa duk sanda na kai wayar kunne sai ta daina numfashi, in na sauke ta saki. Da muka zauna a mota ta ce, "Bar ta ta huta, Malama. Aiki gare ta." Ta juya fuska wajen taga.

Muka iso tsamiya da la'asar. Ɗanjummai ya tsaya ya ce duk mai sallama da 'yan'uwa ya yi yanzu, amma a yi sauri, domin kowa ya san hanyar nan ba a bin ta in rana ta yi sanyi. Tasalla ba ta iya fita, tana kujerar baya ƙafafunta a miƙe. Na ajiye mata jakata da wayata a cinya, na yi alwala a rumfar mai shayi, na shimfiɗa gyalena dab da motar na tayar da kabbara.

Ina cikin Fatiha wayar ta ɗauki ƙara.

Allah Ya yafe mini, sallar nan ban san abin da na karanta a cikinta ba. Wayar tana kuka, ni ba halin yankewa, fasinjoji duk sun watsu kowa da tasa a kunne. Ta yi ta yi har ta katse. Ta sake ɗauka. Ina ruku'u na ji ƙarar ta tsaya a tsakiya, sai murya ta fito. Wayata tun da ta faɗa bokiti ba ta magana sai da babbar murya, don haka komai a kunnena.

"Gwaggo! Ki yi haƙuri, barci nake. Sanarwa ce ta shigo mana gab da asuba, muka bi ta har gari ya waye, ba mu ma ga komai ba. Yanzu na ga kiranki. Me likita ya ce? Gwaggo, kina ji na?"

Shiru.

"Hanyar ce ba kyau? In kina ji na, ki saurara kawai. Kar ki bari ta daina shan maganin, kin san halinta. Ki ɓoye gishirin." Ta ɗan tsaya. Da ta ci gaba muryarta ta yi ƙasa. "Gwaggo, tsakaninki da Allah. Duk watannin nan da ba a ji na, ta tambaye ni kuwa? Ko sau ɗaya?"

Goshina yana ƙasa. Na ji hakin Tasalla ta tagar motar. Sai na ji wata murya siririya, a dishe, wadda ni kaina ban san ta da ita ba.

"Kullum."

Sannan Ma'u ta ce, "Wa ke magana?"

Ban ga laifinta ba. Ciwo ya cinye muryar, kuma ba ta taɓa jin ta ta nufo ta kai tsaye ba. Amma tambayar ta soke ni, na kuma san ta soki wadda ke cikin mota fiye da ni. Na ce a raina shi ke nan, yanzu za ta ajiye.

"Ni ce," in ji Tasalla. "Ni da na haihe ki."

"Inna?"

"Na'am."

Daga nan sai kuka, daga can da nan. Na yi tahiya na sallame, amma ban tashi ba. Na zauna a kan gyalena na juya wa motar baya, na kama tsintar ƙaya a jikin zanena. Ina jin Ma'u tana cewa, "Inna, ya jikin? Inna, ina ne ke miki ciwo?" tana ta maimaita Inna kamar mai tsoron a ƙwace mata. Uwar tana cewa, "Da sauƙi. Daina kuka. Da sauƙi."

Ɗanjummai ya danna oda. Na tashi na same shi na ce, "Ɗana, don girman Allah ka ƙara mana kaɗan." Ya leƙa bayan motar, ya ga abin da ke faruwa, ya cire hula ya shafa kai ya ce to. Amma fasinjoji suka taso. Wata mai goyo ta ce, "Hajiya, dubi rana. Da yara muke." Gaskiyarta ce. Ban da bakin musu, domin ni ma na san waɗanda yamma ta yi musu a hanyar nan ba su kwana gida ba. Na shiga na zauna kusa da Tasalla, na ce da ƙarfi, "Ma'u, za mu tashi, zai yanke." Ban sani ba ko ta ji ni.

Mota ta hau titi. Muryar Ma'u ta fara kakkaryewa. Muka gangara wata kwalbati, na ji 'yar ƙarar nan ta yankewar layi, fuskar wayar ta yi duhu.

Tasalla ba ta sauke ta daga kunne ba. A lokacin ma bakinta ya buɗe. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana magana ƙasa-ƙasa, ba tsayawa. Ta ce shekarar da kika yi ƙyanda a gidan Malama, na taso daga Wagini da ƙafa tun da sassafe, na zo na tsaya bayan danga ina jin tarinki, har rana ta take, na koma ban shiga ba. Ni da nake cikin gidan a ranar ban taɓa sani ba. Ta ce hotonki na jami'a yana ƙarƙashin tabarmata, ba ɓata ya yi ba kamar yadda Malama ke cigiya. Ta ce ki riƙa rufe kanki in za ki fita duban taurarin nan, an ce dajin da sanyi. Sai ta ce, "Kina ji na, Asma'u?" Ta dakata kamar mai jiran amsa. Ta sake cewa, "Asma'u."

Duk motar babu mai tari. Mai goyon nan ta sunkuyar da kai. Ni da aka sani da baki, na buɗe shi in gaya mata ya yanke tun a kwalbati, na kasa. Ban sani ba ko ta sani. Har muka shiga Batsari wayar tana kunnenta.

Na yi niyyar mayar da ita tsamiya ko da shatar mota ce. Jikin bai sake yarda ba. Ta rasu a ɗakina wata safiya, da sauran makonni kafin a dawo mana da sabis. Ni na je gindin tsamiyar na gaya wa Ma'u.

Bayan an kwana biyu, da kukan ya lafa, na koma can na kira ta, ta ce in faɗa mata abin da uwarta ta ce bayan layin ya yanke, kar in rage komai. Na faɗa mata na ƙyanda, na faɗa mata na hoto, na faɗa mata na sanyi. Na ce, "Kuma ta kira sunanki. Cikakkensa. Har ta maimaita."

Sannan ta ce, "Gwaggo, yaya ta faɗe shi? Faɗa mini yadda ta faɗa."

Na gyara murya na gwada. Na sake gwadawa. Muryata ce dai take fitowa.